Aron Wuta: Yadda Ƙananan Jiragen Ƙirar Gida Suka Koyi Tashi Da Batirin Waje

Jirgin da Orville da Wilbur Wright suka tashi da shi a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba, 1903, bai ɗauki batir ba. Busassun batiran da suka ba injin tartsatsin farko a ƙasa aka bar su. An jona waya, aka juya farfela da hannu, da inji ya kama sai aka mayar da shi kan maganeto, aka zare wayar. Ke nan jirgi mai inji na farko, wanda shi ma ƙirar gida ne daga shagon kekuna a Dayton, da aron wuta ya tashi.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne maganeto, ɗan janaretan da ke samar wa fulogi wuta da kansa muddin inji na juyawa. Da zarar inji ya kama, ba ruwansa da batir. Saura kawai a sami abin da zai yi juyin farko, kuma shekaru da dama hannun mutum ne: a danne tayoyi da katako, mutum ya kama farfela ya fizga ƙasa, ya ja da baya da sauri. Da injuna suka yi girma a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai wani matuƙin Ingila, Bentfield Hucks, ya kafa doguwar sanda a kan motar Ford Model T. Motar ta matso gaban jirgi, sandar ta kama tsakiyar farfela ta murza. A Yaƙi na Biyu kuwa, amalanke mai tayoyi biyu cike da batira ake turowa kusa da jirgin Spitfire, a soka waya a jikinsa, ya tashi, a janye. Charles Kettering ya riga ya sa kik na lantarki a motar Cadillac tun 1912, amma kik da batirinsa nauyi ne, ga jirgi kuwa kowane kilo da lissafinsa. Shi ya sa jirgin Piper J-3 Cub, da ya fito a 1938, ba batir, ba kik, ba janareta.

Masu ƙera jirgi a garejin gida a kan wannan turba suka taso. Bernard Pietenpol na Minnesota injin motar Ford Model A ya ɗora wa jirginsa na katako, da hannu kuma ake tayar da shi. A 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida, EAA, a Milwaukee, wadda taronta na shekara ya koma Oshkosh a 1970. Daga nan harkar ta bunƙasa, musamman da kamfanin Van's na Oregon ya fara sayar da jirage a wargaje, mai saye ya harhaɗa da kansa. Fiye da 10,000 sun riga sun tashi. (Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da sojojin saman Nijeriya, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani ya samo asali.) Waɗannan jirage sun zo da kik, da rediyo, da fitilu, sai batir ya zama abokin tafiya, mutuwarsa kuma ta zama ruwan dare. Jirgin sha'awa yakan yi makonni a rumfa ba a taɓa shi ba, ga sanyin hunturu, ga mai mance babban makunni a kunne.

Matsalar jona batir a jirgi ta wuri ce. Batirin yakan kasance a ƙarƙashin murfin inji, ko can baya cikin jela don daidaita nauyi. In ka kwance murfin ka maƙala wayoyi inji ya tashi, wa zai mayar da murfin alhali farfela na juyawa kamu ɗaya daga hannunsa? Dole sai an fito da soket a jikin jirgi, nesa da farfela. Iri biyu suka yi fice. Na Piper zagayayye ne mai ƙafa ɗaya a tsakiya. Ɗayan, wanda aka gada daga ma'aunin sojan Amurka kuma masana'antar jirage ta Cessna ta yi amfani da shi, mai ƙafa uku ne: manya biyu, da ƙarama ɗaya gajera. A ganina hikimar tana ga wannan ƙaramar. Da yake gajera ce, ita ce ta ƙarshen taɓawa in an soka, ta farkon rabuwa in an zare, kuma ita ke ba rile, wato makunni mai aiki da lantarki, umarnin buɗe wa wuta hanya. Saboda haka wuta ba ta gudu sai manyan ƙafafun sun zauna daram, babu tartsatsi kusa da tankin mai. Akan kuma sa mata diyod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ta yadda in wani ya juya wayoyin, ja a wurin baƙi, rile ba zai motsa ba.

Abin da soket ba ya hanawa shi ne kuskuren ƙarfin wuta. Yawancin jiragen gida bolt 12 suke, daidai da mota, amma Cessna ta mayar da samfurin 172 bolt 24 tun 1978, kuma soket ɗin bai sauya ba. Amalanken filin jirgi da aka bari a kan 24 zai iya ƙona kayan rediyo nan take. Wasu maƙeran ma ba sa sa babban soket, sai siririyar waya irin ta cajin babur. Wannan ta caji ce kawai. Kik yana jan amfiya ɗaruruwa, zai narkar da ita.

Babban sauyin bai zo daga soket ba, daga cikin jirgin ya zo. A shekarun 1960 altaneta ta fara maye gurbin janareta, ita kuwa sai ta sami ɗan lantarki daga batir kafin ta fara bayarwa. Babban rile na jirgin shi ma da wutar batir yake aiki. Don haka mai fizgar farfela da mataccen batir zai iya ganin inji na ruri, amma allon gabansa duhu. Sai kuma maƙeran gida, da doka ta sakar musu mara su gwada abin da suka ga dama, suka shiga cire maganeto suna sa na'urar kunna fulogi ta lantarki, da famfon mai na lantarki, da allon kwamfuta a madadin agogunan allura. Injin da a da ba ruwansa da batir, yanzu a wasu jiragen numfashinsa na hannun lantarki.

Abin da ya faru a Speyer ta Jamus a Maris ɗin 2007 ya nuna inda aka kwana. Jirgin Diamond DA42 ne, ƙirar masana'anta, mai injunan dizal biyu da kwamfuta ke sarrafawa. Batir ya mutu, aka tayar da duka injunan da wutar waje, alhali littafin jirgin ya ce ɗaya kawai za a tayar haka, na biyun da wutar jirgin kansa. Da aka tashi aka danna naɗe tayoyi, wuta ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, babu batirin da zai tare giɓin, kwamfutocin suka ɗauke, injuna biyu suka tsaya tare. Bayan haka ne aka wajabta wa kwamfutocin batirin ko-ta-kwana nasu na kansu.

Mai mota yakan sa a tura masa, ya ce ai za ta yi caji a hanya. In ta sake mutuwa ya gangara gefen titi. Shi kuwa matuƙin jirgin da ya tashi da batirin da bai cika ba ya bar ajiyarsa a ƙasa, domin in altaneta ta ƙi, batirin ne kaɗai zai riƙe shi har ya sauka. Batiran litiyam da suka shigo a shekarun 2010 sun ƙara tsananta lamarin. Ɗaya bai fi kilo 2 ba, a wurin na dalma mai kilo 7, amma in ya zube sosai na'urar kariyarsa tana yanke shi, kuma antaya masa wutar altaneta gaba ɗaya yana fanko na iya lalata shi. Masu yin su cewa suke a caja shi tukuna da cajar da ta dace.

A rumfunan maƙeran gida na yau, soket ɗin waje ya fi aiki inji na kashe: a jona wutar bango, a kunna allo na awa biyu ana sabunta taswira ko gwada wayoyi, batir na hutawa.