Taura Biyu a Baki Ɗaya: Tarihin Ɗan Majalisa Mai Riƙe da Kujerar Minista

A watan Fabrairun 2024, wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60 suka gabatar da ƙudurin mayar da Najeriya tsarin firayim minista, wanda aka rabu da shi tun juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Hujjar da suka fi jaddadawa ita ce tsadar mulki. Sai dai akwai wata tambaya da ƙudurin ya tono wadda ta fi shafar mutumin ƙauye: a tsarin firayim minista, daga cikin 'yan majalisa ake ɗauko ministoci. To, idan wakilin mazaɓa ya zama minista, mutanensa riba suka ci ko asara suka yi?

Amsar ta fi fitowa fili idan aka auna ta da wuri kamar Kazage, ɗaya daga cikin mazaɓun kansila 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, inda daji ya fi gari yawa, kuma hukuma ta daɗe tana nesa. Najeriya ta gwada tsarin biyu, kowanne kuwa ya bar darasi.

Zamanin da minista yake da mazaɓa

A zaɓen 12 ga Disambar 1959, Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, kuma 174 daga cikinsu na Jihar Arewa ne. Jam'iyyar NPC ta haɗa gwamnati da NCNC, aka zaɓo ministoci daga cikin majalisa kamar yadda ake yi a Ingila. Shi kansa Abubakar Tafawa Ɓalewa wakilin wata mazaɓa ce a Lardin Bauchi. Muhammadu Ribaɗu ya riƙe tsaro, Inuwa Wada na Kano ya riƙe ayyuka kafin ya gaji Ribaɗu a 1965, Maitama Sule ya riƙe ma'adinai da lantarki, Musa 'Yar'aduwa na Katsina ya riƙe harkokin Legas, Shehu Shagari ya ratsa ma'aikatu da dama, ciki har da ta cikin gida. Daga Zariya kuma, hedikwatar lardin da Birnin Gwari take ciki a lokacin, an sami Nuhu Bamalli a ma'aikatar harkokin waje.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Minista ya san cewa in ya faɗi zaɓe a gida, kujerarsa ta Legas ta tafi, don haka ba ya iya yanke zumunci da mazaɓa. Yana kuma zaune a inda ake raba arziki. Layin dogon da ya isa Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964, an shirya shi ne a shekarun da Tafawa Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar sufuri sannan ya zama Firayim Minista a 1957. Akwai hujjar tattalin arziki ta kwaso gyaɗa da auduga, amma samun mai faɗa a ji a teburin shawara bai rage wa aikin komai ba.

Asarar kuwa ba a cika ganinta ba, domin ba gini ba ce da za a nuna da yatsa. Ƙa'idar tsarin ita ce duk abin da majalisar ministoci ta yanke, kowane minista sai ya kare shi a bainar jama'a, ko ya ajiye aiki. Ɗan majalisa na gama-gari yana iya miƙewa ya tambayi gwamnati dalilin da ya sa ba a gyara gadar garinsu ba. Minista ba shi da wannan dama, domin shi ne gwamnatin da ake tambaya. Ranar da aka rantsar da shi, mazaɓarsa ta sami mai kai koke a asirce, ta kuma rasa mai ɗaga murya a fili.

Ga kuma matsalar lokaci. Majalisar wancan zamani ba kullum take zama ba. In an tashi, ɗan majalisa ya koma gida ya ci gaba da koyarwa ko aikin En'e ko kasuwancinsa, yana jin kukan mutane da kunnensa. Minista kuwa yana can Ikoyi da fayil-fayil. Wanda aka ba harkokin waje, aikinsa yana Majalisar Ɗinkin Duniya da Addis Ababa. Wanda aka ba harkokin Legas, titunan Legas ne a gabansa. Taura biyu ba ta taunuwa, sai dai a ajiye ɗaya a kumatu.

Wa ya ba shi kujerar?

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne asalin wanda ministan yake jin nauyinsa. Yawancin jiga-jigan NPC ma'aikatan En'e ne ko masu sarauta: Makaman Bida, Matawallen Katsina, Magajin Garin Kano, Magajin Garin Zazzau. Tsayar da ɗan takara ya dogara ƙwarai da yardar fada, kuma hakimai da dagatai su ne ke tattaro ƙuri'a. Matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a gaba ɗaya a Jamhuriya ta Farko. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ministan da fada da jam'iyya suka ɗora, su zai fara saurara kafin talakan da ya dangwala masa.

Wannan ya sa alherin minista ya fi sauka a manyan birane. Birnin Gwari ƙaramar En'e ce mai cin gashin kanta a gefen Lardin Zariya. An keɓe dajin Kamuku tun 1936, an haƙi zinariya a ƙasarta tun zamanin Turawa, kuma hanyar motar da ta haɗa Kaduna da Legas ta bi ta cikinta zuwa Tegina. Duk da haka, manyan ayyukan zamanin sun tafi wasu wurare: Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, makarantar horar da hafsoshin soja da masana'antar ƙera makamai a Kaduna a 1964. Ƙauyukan bakin daji ba su cikin lissafin da ake yi a wannan tebur.

Yadda aka raba kujerun

A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, wanda ya karkata zuwa tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Daga 1979 aka raba majalisa da zartarwa. Sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk ɗan majalisar da ya yi rantsuwar zama minista, ya sauka daga kujerarsa ke nan, kuma dole kowace jiha ta sami aƙalla minista ɗaya. Shi ya sa a 2023, da aka naɗa Sanata Ibrahim Geidam na Yobe da Yusuf Tanko Sununu na Kebbi ministoci, sai da aka sake zaɓen cike gurabensu a watan Fabrairun 2024.

Maƙwabta kowa da hanyarsa. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta a ɗauko yawancin ministoci daga majalisa. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, an bi salon Faransa: ana zaɓen ɗan majalisa tare da mai jiran gado, in an naɗa shi minista sai na bayan ya hau kujerar. Ita Ingila da aka kwaikwaya, har zuwa 1926 akwai dokar da kan tilasta wa ɗan majalisar da aka ba minista ya koma mazaɓarsa ya sake neman amincewa. Ke nan tun asali an gane cewa naɗin yana canza yarjejeniyar da ke tsakanin wakili da masu zaɓensa.

Abin da rabuwar ba ta gyara ba

Raba kujerun ya kamata ya 'yantar da bakin ɗan majalisa. Amma sai aka ɓullo da ayyukan mazaɓu, inda aka yi shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya. Ɗan majalisa ya koma ƙaramin minista, ana auna shi da rijiyar burtsatse da babura da injinan ban-ruwa. Tunda sakin kuɗin yana hannun ɓangaren zartarwa, mai son aikinsa ya fito sai ya yi hattara da harshensa. Shirun da doka ta ɗora wa minista a da, yanzu kasafi ne yake saye shi.

Samun minista ɗan gida ma bai zama garkuwa ba. Mansur Ɗan Ali, ɗan Birnin Magaji a Zamfara, shi ne ministan tsaro daga 2015 zuwa 2019, shekarun da ta'addancin 'yan bindiga ya game Zamfara ya malalo dazukan Birnin Gwari. A watan Mayun 2018 an kashe mutane da dama a Gwaska, sannan gwamnatin tarayya ta amince da kafa bataliyar soja a yankin. A 2022, lokacin da mutanen Damari da ke mazaɓar Kazage suka yi ta barin gidajensu, muryar da aka fi ji a kafafen labarai ita ce ta ƙungiyar ci gaban masarautar, wato BEPU, wadda ta ce 'yan Ansaru sun hana harkokin siyasa a gabashin ƙaramar hukumar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ƙungiya ba ta da kujera a Abuja, ba ta da ikon kiran hafsan soja ya yi bayani a gaban kwamiti. Sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwambar 2024 kuwa, gwamnatin jiha ce ta jagorance shi.

Tarihin ya nuna cewa ɗan majalisa mai riƙe da minista yana iya amfanar mazaɓar da bukatarta gini ce, musamman in tana kusa da cibiyar iko. Mazaɓar da bukatarta ita ce a faɗi abin da gwamnati ba ta son ji, kamar cewa manomi yana biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa, ita ce ke yin asara mafi girma in wakilinta ya shiga majalisar ministoci. A tsarin biyu, abin da ya fi tasiri shi ne wanda yake da ikon sauke wakilin. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisa kiranye in fiye da rabinsu suka sa hannu, amma tun 1999 ba a taɓa kammala kiranye ko ɗaya ba. Kafin masu ƙudurin 2024 su nemi goyon bayan mutanen Kazage, wannan ita ce tambayar da ya kamata su amsa: in wakilinsu ya zama minista ya yi shiru, ta wace hanya za su karɓe kujerarsu?