Nafaɗa a Gwiwar Kogin Gongola: Yanayin Ƙasa da Sauye-sauyen Mulki

1.0 Gabatarwa

Garin Nafaɗa yana can arewacin Jihar Gombe, kusa da iyakarta da Jihar Yobe. A yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce ta karkara, amma a farkon ƙarni na 20 ya taɓa zama mazaunin Sarkin Gombe. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda yanayin ƙasa, musamman kogi da hanyoyin sufuri, ya ɗaga darajar wannan gari, daga baya kuma ya rage ta.

2.0 Yanayin Ƙasa

Kogin Gongola ya samo tushe ne daga tsaunukan Jos, ya nufi arewa maso gabas, sai da ya iso Nafaɗa sannan ya lanƙwasa ya yi kudu, har ya faɗa kogin Binuwai a Numan. A bakin wannan gwiwa garin yake zaune. Ƙasar ba ta da duhun daji, damina kuma gajeriya ce, don haka gero da dawa da wake su ne abin nomawa a tudu, fadamun kogi kuwa suka zama madogarar manoman rani da masunta da makiyaya. Bolawa ne tsofaffin mazauna wurin, sannan Fulani da Barebari da Hausawa suka zauna tare da su.

3.0 Daga Gombe Abba zuwa Doma

Buba Yero, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa fadarsa a Gombe Abba, ita ma a bakin Gongola, ya kuma rasu a 1841. Turawa sun shiga ƙasar Gombe a 1902, kuma a watan Yuli na 1903 aka gwabza yaƙin Burmi, kudu da Nafaɗa, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Bayan haka Turawa suka lura da amfanin Nafaɗa, domin idan ruwa ya cika da damina jirage kan hauro da kaya daga Binuwai har gindin garin, daga nan a ɗora wa alaro da dabbobi zuwa Borno. A 1913 aka ɗauke fadar Sarki Umaru daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa.

Sai dai wannan ɗaukaka ba ta wuce shekara shida ba. Nafaɗa ta yi nisa ƙwarai da ƙasashen Tangale da Waja da ke kudu, waɗanda jami'in mulki guda yake kula da su tare da masarautar. Saboda haka a 1919 aka sake mayar da fada Doma, wato birnin Gombe na yanzu, wanda yake tsakiyar ƙasar. Da titin mota ya maye gurbin kogi, jirgin ƙasa kuma ya iso Gombe a 1963, sai cinikin auduga da gyaɗa ya tattaru a can, Nafaɗa ta ci gaba da zama gunduma a hannun hakimi ƙarƙashin En'e ta Gombe.

4.0 Zamanin Ƙananan Hukumomi

Gyaran 1976 ya rushe tsarin En'e, ya danƙa haraji da kasuwanni da makarantun firamare ga majalisun ƙananan hukumomi. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, Nafaɗa tana cikin ƙananan hukumominta 11. A zamanin Gwamna Abubakar Habu Hashidu (1999 zuwa 2003) aka ba ta masarauta ta kanta.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, za a ga cewa kogi ne ya jawo wa Nafaɗa fada, sauyin hanya kuma ya ɗauke ta. Ƙaramar hukuma da masarauta sun dawo mata da ikon gudanar da wasu al'amuranta, amma kasuwa da manyan ofisoshi suna nan a birnin Gombe, inda aka kai su tun 1919.