Sa'a Ɗaya Gaba, Sa'a Ɗaya Baya: Tarihin Sauya Agogo a Turai da Amurka

Daga ƙarshen watan Oktoba na kowace shekara, masu kallon gasar Firimiyar Ingila a Kano da Kaduna da Maraɗi sukan tarar cewa wasan da aka saba farawa da ƙarfe uku na yammacin Asabar ya koma ƙarfe huɗu. Ba wanda ya taɓa jadawalin gasar. Ingila ce ta mayar da agogonta baya da sa'a ɗaya, kuma a ƙarshen Maris za ta sake tura shi gaba, lokacin Landan da na Abuja su sake daidaita. Ma'aikacin da ke taro ta intanet da abokan aiki a New York ya san irin wannan rikici: tazarar sa'a shida ce a hunturu, biyar a bazara, kuma Amurka tana tura nata agogon makonni biyu ko uku kafin Turai.

A ƙasashen da ake yin wannan sauyi, ƙorafi a kansa ya zama al'ada sau biyu a shekara. Ana kukan barcin sa'a guda da aka yi asara, da agogon bango da na mota da aka manta ba a gyara ba, da yaran da suka ƙi kwanciya saboda gari bai yi duhu ba. Duk da haka tsarin ya haura shekara ɗari yana aiki. An sha yunƙurin kawar da shi, yunƙurin kuma yakan tsaya a wuri guda: jama'a sun yarda a daina sauyawa, amma sun kasa yarda a kan agogon da za a tsaya a kai.

Tushen matsalar

A Kano, bambancin yinin da ya fi tsawo a shekara da wanda ya fi gajarta bai wuce kusan sa'a ɗaya da rabi ba. A Landan yinin tsakiyar Yuni ya haura sa'a 16 da rabi, na ƙarshen Disamba kuwa bai cika sa'a 8 ba. Da za a bar agogon Landan yadda yake a hunturu, rana za ta fito kafin ƙarfe huɗu na asuba a watan Yuni, a lokacin da galibin mutanen birni ke tsakiyar barci. Wannan ne ya sa ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin su Najeriya da Nijar, ba su da abin da za su samu daga sauya agogo.

Amma kafin a yi tunanin tura agogo, sai da agogon ya zama mallakar hukuma. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, kowane gari da tsayuwar ranarsa yake saita lokaci, shi ya sa Bristol take bayan Landan da kusan minti goma. Jirgin ƙasa ne ya kawo ƙarshen wannan, domin ba a iya tsara jadawalin tafiya da agogo goma. Birtaniya ta mayar da lokacin Greenwich doka a 1880, kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka suka raba ƙasarsu shiyya-shiyya ranar 18 ga Nuwamba 1883. Tun daga nan ƙarfe goma sha biyu ya zama abin da doka ta ce, kuma abin da doka ta kafa, doka tana iya gusar da shi.

Mutum uku da ake jingina wa tunanin

An fi ambaton Benjamin Franklin, amma shi raha ya yi. A 1784, yana jakadan Amurka a Paris, ya aika wa wata jarida wasiƙa yana zolayar mutanen birnin da barcin safe. Ya lissafa kuɗin kyandir da za su tsimi idan suna tashi da fitowar rana, ya ba da shawarar a sa haraji a kan murfin taga, a kuma riƙa harba igwa a tituna don tayar da masu barci. Bai ce a taɓa agogo ba.

Wanda ya fara kawo shawarar da gaske shi ne George Hudson, ma'aikacin gidan waya a Niyuzilan mai sha'awar nazarin ƙwari. A 1895 ya gabatar wa wata ƙungiyar masana a Wellington shawarar tura agogo gaba da sa'a biyu a bazara, domin ya sami hasken yamma na farautar ƙwari bayan tashi daga aiki.

Na ukun, William Willett, ɗan kwangilar gine-gine ne a kudancin Landan, kuma shi ne ya ba da ransa ga lamarin. Yana kilisa a kan doki da sanyin safiyar bazara ya lura cewa rana ta ɗaga amma labulen gidaje na sauke. A 1907 ya buga ɗan littafi da kuɗinsa mai suna The Waste of Daylight, wato ɓarnar hasken rana. Tsarinsa shi ne a tura agogo da minti 20 a kowace Lahadi huɗu ta Afrilu, jimla minti 80, a mayar da shi haka a Satumba. An kai ƙudurin majalisa a 1908, Winston Churchill ma ya goyi bayansa, amma bai zama doka ba. Manoma sun ƙi, masana da dama sun ɗauke shi a matsayin yaudarar kai. Willett ya rasu a Maris 1915 bai ga cikar burinsa ba.

Abin da lallashi ya kasa, yaƙi ya yi

Shekara guda bayan rasuwarsa, ƙasar da Birtaniya ke yaƙi da ita ce ta aiwatar da tunanin. Ranar 30 ga Afrilu 1916, Jamus da ƙawarta Ostiriya-Hangari suka tura agogo gaba don tsimin kwal, wanda masana'antun makamai ke buƙata. Birtaniya ta bi sahu ranar 21 ga Mayu, Amurka kuma a ƙarshen Maris 1918.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa don manoma aka ƙirƙiro tsarin. Tarihi ya nuna akasin haka. Manomi da rana yake aiki: raɓa ba ta bushewa daga ciyawa don an gusar da agogo, saniya kuma ba ta sauya lokacin tatsa. Amma jirgin da ke ɗaukar madara zuwa birni ya koma zuwa da wuri, leburori kuma suna ajiye aiki da sauran rana a sama. Masu cin moriyar su ne 'yan birni: masu kantuna, da masu filayen wasa, da ma'aikacin ofis da ya sami yammaci mai haske. Da yaƙi ya ƙare, wakilan yankunan karkara suka matsa a soke dokar. Sau biyu Shugaba Woodrow Wilson yana hawa kujerar na-ƙi, amma a Agusta 1919 majalisa ta tara rinjayen da ya tsallake shi. Birnin New York da wasu manyan birane suka ci gaba da sauya nasu agogon bisa raɗin kansu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da tsarin da ƙarfi. Amurka ta zauna a kan agogon bazara daga Fabrairu 1942 zuwa Satumba 1945. Birtaniya ta ninka, inda a bazara agogonta ya riga na Greenwich da sa'a biyu. Bayan yaƙin, Amurka ta sake barin kowace jiha da kowane gari su yi yadda suka ga dama, aka shiga ruɗani na shekara ashirin. A 1965 biranen Minneapolis da St. Paul, waɗanda ke manne da juna, sun yi makonni biyu agogonsu ba ɗaya ba. Kamfanonin sufuri da gidajen rediyo da talabijin ne suka kai kuka, har aka yi dokar 1966 wadda ta daidaita ranakun sauyi a faɗin ƙasar, ta kuma bar wa jiha damar ficewa. Hawaii da mafi yawan Arizona ba sa sauyawa har yau.

Gwaji uku da suka ƙare iri ɗaya

Tun da sauyin ne ke damun mutane, mafita mafi sauƙi ita ce a tura agogo gaba a bar shi can. Ƙasashe uku manya sun gwada haka.

Birtaniya ta fara, daga 1968 zuwa 1971. Alƙaluman haɗurran mota sun nuna ƙaruwa da safe da raguwa mafi yawa da yamma, ko da yake gwajin ya zo daidai da sabuwar dokar hana tuƙi cikin maye, abin da ya sa raba tasirin biyun ya yi wuya. Sai dai a arewacin Sikotlan rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe goma a tsakiyar hunturu. Yara suna tafiya makaranta cikin duhu, magina da masu raba wasiƙu da manoma suna ƙorafi. A Disamba 1970 majalisa ta kaɗa ƙuri'a 366 da 81 aka kawo ƙarshen gwajin.

Amurka ta maimaita shi lokacin takunkumin mai na ƙasashen Larabawa. Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar, ta fara aiki ranar 6 ga Janairu 1974. Kafin fara aikinta, kusan kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suna goyon baya. Cikin 'yan makonni, bayan safiya mai duhu da rahotannin mutuwar yara 'yan makaranta a kan hanya a jihar Florida, goyon bayan ya faɗi zuwa kashi 42. A Oktoban shekarar aka dawo da agogon hunturu.

Rasha ta yi nata a 2011 a zamanin Dmitry Medvedev. Mutanen Mosko suka riƙa ganin fitowar rana wajen ƙarfe goma a Disamba. A 2014 aka juya, aka tsaya a kan agogon hunturu dindindin.

Darasin gwajin uku guda ne. Agogo ba ya ƙara wa yini ko minti ɗaya. Sa'ar hasken da aka ba yamma, daga safiya aka ɗebo ta. A Yuni ba wanda ke jin rashinta domin kowa na barci, amma a Janairu daga hannun ɗan makaranta da mai sammakon aiki ake karɓe ta.

Hujjar tsimi da abin da ya rage daga gare ta

Hujjar farko, ta tsimin makamashi, ta yi rauni. A 1916 hasken fitila ne babban abin da ke cin wuta a gida. Yau na'urorin sanyaya ɗaki da ɗumama shi sun shiga lissafi. Lokacin da Amurka ta tsawaita agogon bazara daga 2007, ma'aikatar makamashinta ta ƙiyasta tsimin kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na lantarki a kowace rana ta ƙarin makonnin. Wani bincike a jihar Indiana, wadda ta ɗauki tsarin baki ɗaya a 2006, ya gano cewa wutar da gidaje ke sha ta ƙaru ne da kusan kashi ɗaya. Ƙungiyoyin likitocin barci a Amurka kuwa sun fi son a tsaya a kan agogon hunturu, domin ya fi kusa da rana, kuma hasken safe ne ke saita agogon jikin ɗan Adam. Masu harkar yawon shaƙatawa da kantuna suna son na bazara.

Inda lamarin ya haɗu da ibada, takan fito fili cewa agogo shawara ce ta hukuma. A 2018 Maroko ta tsaya a kan agogon bazara, amma ta riƙa komawa baya da sa'a ɗaya a watan Ramadan. A Lebanon, cikin Maris 2023, gwamnatin Najib Mikati ta ɗage tura agogo zuwa ƙarshen azumi kwanaki kaɗan kafin ranar sauyi, don buɗa-baki ya zo wajen ƙarfe shida maimakon bakwai. Tsawon azumin bai sauya ba, tun da alfijir da faɗuwar rana ba sa bin doka. Cocin Maroniyawa da wasu makarantu da gidajen talabijin suka ƙi bin umarnin, ƙaramar ƙasa ta yi kwanaki da agogo biyu kafin gwamnati ta janye.

Inda aka tsaya

A 2018 Tarayyar Turai ta nemi ra'ayin jama'a, ta sami amsa miliyan 4.6, mafi yawansu daga Jamus, kuma kashi 84 cikin ɗari suka nemi a daina sauyi. Majalisar Turai ta amince a Maris 2019. Da maganar ta isa gaban gwamnatocin ƙasashe sai ta tsaya, domin abin da ya dace da Finlan a can arewa bai dace da Girka ba, kuma ba mai son maƙwabta biyu masu kasuwa ɗaya su rabu a agogo. A Maris 2022 Majalisar Dattawan Amurka ta amince da agogon bazara na dindindin, Majalisar Wakilai ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Ƙasashen da suka iya yanke hukunci, kamar Turkiyya a 2016, Brazil a 2019 da Meziko a 2022, ba su da bambancin yini mai tsananin na arewacin Turai. Masar kuwa, bayan ta daina, ta dawo da tsarin a 2023 da hujjar tsimin makamashi.

Ga masu hulɗa da Turai da Amurka daga Afirka ta Yamma, abin lura shi ne ranakun: Turai tana sauyawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, Amurka a Lahadi ta biyu ta Maris da ta farko ta Nuwamba. A makonnin da ke tsakani ne aka fi kuskuren lokacin taro da na jirgi.

A dajin Petts Wood, inda Willett ya saba kilisa, an kafa masa dutsen tunawa a 1927 mai ɗauke da agogon inuwa. An saita shi a kan lokacin bazara, ba a kuma mayar da shi baya, don haka daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris yana gaban agogon ƙasar da sa'a ɗaya.