Burin Hijira a Waƙa da Zube: *Waƙar Zuwan Annasara* da *Ganɗoki*

Gabatarwa

Manazarta sun saba ajiye rubutacciyar waƙa da ƙagaggen labari kowanne a rumbunsa. Wannan maƙala na ganin cewa *Ganɗoki* na Muhammadu Bello Kagara ba zai fahimtu sosai ba sai an karanta shi tare da *Waƙar Zuwan Annasara*, wadda ake dangantawa ga Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, domin buri guda suka ɗauko.

Burin da Ya Yanke

Jigon waƙar shi ne hijira: barin ƙasa ga Nasara, a nufi Makka da Madina don tsira da addini. Bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Attahiru ya kama hanyar gabas, jama'a na binsa gari gari. Bai wuce Burmi ba. A nan ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kai ragowar ayarin Sudan.

Yadda Labari Ya Ɗora

Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, yana yaro lokacin da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Ya rubuta littafinsa don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Kashin farko ya bi sawun tarihi: Ganɗoki ya yaƙi Nasara, ya bi ayarin Sarkin Musulmi. Daidai inda tarihi ya tsayar da masu hijira, a nan marubucin ya buɗe ƙofar tatsuniya. Jarumin ya wuce gabas, ya shiga duniyar aljanu, yana cin yaƙi yana musuluntar da arna. Nasarar da bindiga ta hana a Burmi, alƙalami ya ba da ita.

Amma biyan bukatar na da farashi. Da Ganɗoki ya komo gida, sai ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, ya kuma yaba da abubuwan zamani. Hukumar da ta buga littafin, ai ta Turawan ce.

Kammalawa

Waƙar muryar masu ƙaura ce kafin a san ƙarshe, littafin kuwa muryar 'ya'yan da suka zauna. Duk malamin da ya koyar da *Ganɗoki* a matsayin labarin jarunta kawai, ya hana ɗalibansa jin makokin da ke cikinsa.