Garahuni: Ganyen Shinge a Unguwannin Bulo

Kafin shaguna su mamaye Fagge, zango ce a wajen ganuwar Kano, inda ayarin Buzaye ke sauke gishiri da kanwa, raƙuma su huta. Gidajen wancan zamani da dangar kara ake kewaye su, kuma duk inda danga ta sha ruwan damina, garahuni kan haye ta ba tare da kowa ya shuka shi ba.

Tsiro ne mai siririyar jijiya da zaruruwan da yake naɗe duk abin da ya taɓa. Furensa rawaya ne. Ɗansa mai ƙuraje-ƙuraje kan fara da kore, ya nuna ya yi ja, sannan ya tsage ya bayyana ƙwayoyi masu jan lulluɓi da yara ke tsotsa. Ganyen kuwa ɗaci gare shi ƙwarai, kuma saboda ɗacin nan ake nemansa. Ana dafa shi a sha don zazzaɓi da ciwon ciki da tsutsar ciki, masu basir ma sun san shi. Babban gidansa dai ɗakin mai jego ne: tsofaffi kan sa shi a fate ko kunu domin nono ya kawo, cikin ya wanku. Har wanki an yi da shi, don ganyen kan ɗan yi kumfa idan an murza.

Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa farkon mulkin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fitar a 1916, ya kuma bayyana amfaninsu a wani babba a 1937. Garahuni na ciki, da sunansa na kimiyya, Momordica balsamina. Ya kamata a tuna cewa wani ɓangare na abin da ya rubuta daga bakin masu magani na ƙasar nan ya ji shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari domin baƙi daga Kudu. Yarabawa sun zo da nasu sanin. Suna da ɗan'uwan garahuni da suke kira ejinrin, suna dafa shi cikin agbo, maganinsu na gargajiya, shi ma don zazzaɓi da ciki. Wannan ɗan'uwan ne Indiyawa ke soyawa su ci da sunan karela. Mutanen da harshe ya raba sai ga shi ɗaci guda ya haɗa tukwanensu.

Daga baya Sabon Gari ta zama cibiyar cinikin maganin Bature a Arewa, kwali kan kwali, har zuwa 2024 da hukumomi suka rufe shagunan dillalai suka tura su sabuwar kasuwa a Dangwauro. Duk tsawon wannan zamani garahuni bai rasa masu saye ba. Dangarsa ce ta ɓace, bulo da kwano suka maye gurbinta. Yanzu daga ƙauyuka ake kawo shi, ɗanye da damina, busasshe da rani, a same shi wajen 'yar mai ganye ko a rumfunan masu magani na Kasuwar Kurmi.

Abin damuwa shi ne awo. Ungozomar da ta san ɗan abin da za a tsinka wa mai jego tana ƙarewa, mai saye kuma yakan ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Masu bincike sun ga alamar dangin garahuni na sauke sukarin jini, don haka mai ciwon suga da ke shan ƙwayar asibiti bai kamata ya haɗa su ba sai likita ya sani. Mai juna biyu kuwa, a nisanta ta da shi har ta sauka lafiya.