Daga tudun neman rezo zuwa kwanon tauraro: tarihin sadarwa a ƙauyukan Tasawa da Mayayi

Duk wanda ya je gida hutun salla a ƙauyukan Tasawa ko Mayayi ya san wannan hira: an gama cin tuwo, an shimfiɗa tabarma, sai wani ya ce, "Wai don Allah wane layi ne ya fi kamawa a nan?" Nan da nan gardama ta tashi. Wannan ya ce Airtel, wancan ya ce Moov, wani ya rantse da Zamani, sai wani ɗan bokon da ya zo daga Maraɗi ya ce ku duka kun makara, yanzu zamanin Starlink ne. To kafin mu shiga gardamar, bari mu ɗan waiwaya mu ga ta inda aka biyo, don amsar tana cikin tarihin.

A watan Yuli na 1899, a nan ƙasar Tasawa, aka yi abin da ya girgiza Faransa. Ayarin sojan Voulet da Chanoine ya taho daga yamma yana ƙona garuruwa yana kashe bayin Allah. Labarin ta'asar bai kai birnin Paris ba sai ta wasiƙar wani hafsa, gwamnati kuma ta turo Kanal Klobb ya bi sawunsu bisa doki. Ya cim musu ranar 14 ga Yuli a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku, sojojinsu suka juya musu suka kashe Chanoine da Voulet a wajajen Maijirgi. Shi ma wannan labari sai da ya yi makonni a hanya kafin ya kai ƙasarsu. A wancan zamani saurin labari shi ne saurin doki, ko na fatake, ko na ranar kasuwa.

Bayan samun 'yancin kai, rediyo ce ta fara shiga ƙauye. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar: akwati guda, jama'a su taru su saurara, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai Yamai. Daga baya, zamanin Seyni Kountché, aka rarraba talabijin masu aiki da hasken rana a garuruwa, ana kallo a dandali. Dattawanmu sun tuna. Ku riƙe wannan a zuciya: akwati ɗaya, gari guda. Za mu sake cin karo da shi.

Tarho kuwa na gidan waya ne da ofisoshin gwamnati. An kafa Sonitel a 1997, kuma a wajajen wannan lokacin ne intanet ta fara shigowa Yamai ta layin tarhon gida, tana tafiyar hawainiya. Mutumin Kanan Bakashe ko Urafan da ke son magana da ɗansa a Legas ko Libiya sai ya yi sammako zuwa birni, ya shiga telesantar, ya biya kuɗin minti. Wanda ba shi da hali sai ya ɗauki murya a kaset ya ba direba. Ni kaina na sha zama ana juya kaset da biro don a sake jin muryar ɗan cirani.

Salula ta zo a 2001 da Celtel, sai Telecel da SahelCom, Orange kuma ta shigo a 2008. Sunaye sun yi ta canzawa kamar rigar salla. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, yau Moov Africa na hannun Maroc Telecom. An haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 aka samu Niger Telecoms. Orange ta sayar da kasonta a 2019 ga 'yan kasuwa biyu, Mohamed Rissa mai Rimbo da Moctar Thiam, abin ya koma Zamani Telecom. Sunan ya canza, amma ƙarfen eriya yana nan inda aka kafa shi, kuma shi ne ke magana a ƙauye.

Amfanin salula ga manomi ba tatsuniya ba ne. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, har da shekarar yunwar 2005 da ta fi yi wa jihar Maraɗi illa. Ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina hawa mota don ya je ya tambayi kuɗin tiyar gero, kira ɗaya ya wadatar.

Sai dai rezo bai iso wa kowa rana ɗaya ba. Kamfani yana bin kwalta da kasuwa da yawan kai. Tasawa na kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, igiyar fiba ma bakin wannan hanya ta bi, shi ya sa garuruwan bakin kwalta suka riga kowa. Mayayi tana arewa da hanyar, ƙauyukanta sun bazu a gefen Gulbin Kaba har zuwa inda gonaki ke ƙarewa makiyaya su fara. Can ne aka san tudun rezo. Kusan kowane gari yana da nasa: wata jigawa, ko gindin wani gawo, inda za ka tarar da mutane da yamma kowa ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Na taɓa kwana biyu a wani ƙauye ina hawa amalanke don in tura saƙo guda, forfen da na saya kuma ya ƙare kwanansa ban ci ko rabi ba.

Kudu kuma, wajen Korgom da Hawan Dawaki, wani labarin ne. Iska ba ta san iyaka ba, rezon Najeriya yakan tsallako, mutane da yawa sun daɗe da layi biyu, na gida da na ƙetare. Tun da Najeriya ta wajabta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, riƙe wancan layin ya ƙara wuya.

Abin da ya mayar da intanet ta kowa a ƙauye shi ne saƙon murya na WhatsApp. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta danna ta yi magana, jikanta a Agadas ko Aljeriya ya ji. Kaset ɗin nan ne ya dawo, sai dai ba direba. Daga nan aka shiga turo kuɗi ta Nita da Amana, da sanarwar biki da rasuwa, da cinikin bisashe da hoto. Airtel ya karɓi lasisin 4G a 2018, sauran suka biyo baya. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 na Amurka don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar, wanda aka ɗora wa hukumar ANSI jagorancinsa.

Shekarun baya-bayan nan sun koya mana abu biyu masu ɗaci. Na farko, ana iya rufe famfon: bayan zaɓen Fabrairun 2021 an katse intanet ta salula kusan kwana goma a ƙasa baki ɗaya. Na biyu, rezo bawan wuta ne. Lantarkin Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, nan maƙwabtanmu. Da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga yadda cajin salula ya koma abin nema, mai pano da batir ya zama sarki.

Yanzu ga Starlink. Ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, Nijar ta sa hannu da shi a Oktoban 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Taurarinsa na yawo kusa, wajen kilomita 550 a sama, ba kamar tsofaffin da ke kilomita 36,000 ba, shi ya sa amsa ke dawowa da sauri. Ba ruwansa da kwalta ko ƙarfen eriya. Amma yana son sarari ba inuwar itace, yana cin wuta dare da rana, ruwan sama mai ƙarfi na iya rage shi, ga kuɗin saye ga na wata, wanda ba ya jiran kaka.

To wanne za a zaɓa? Ra'ayina ke nan, wanda ya ga dama ya yi gardama. In buƙatarka saƙon murya ce da turo kuɗi, kada ka wahalar da aljihunka. Ari salular maƙwabta masu layi daban-daban, ka gwada a cikin ɗakinka, ba a bakin kasuwa ba, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Dubi harafin da ke saman allo: in E ka gani, murya za ta tafi da haƙuri, bidiyo kuwa sai dai ya ci maka kuɗi a banza, in H+ ko 4G ne, ka samu. Sayi ƙaramin forfe na kwana guda tukuna kafin na wata. Idan rezo na kamawa a tudu amma ba ya shiga gida, akwai akwatin da ake sa wa layi a ɗaure eriyarsa bisa dogon ƙarfe, ta fuskanci garin da ke da eriyar kamfani. Sau da yawa tsawon 'yan mitoci kaɗai ne ya raba ka da rezo.

Kwanon tauraro kuwa, a ganina, ba kayan mutum ɗaya ba ne a ƙauye. Na gidan likita ne, na makaranta, na ofishin magajin gari, na ƙungiyar manoma, ko na matashin da zai sa pano da batir ya riƙa sayar da tikitin wifi, bayan ya nemi sanin ƙa'idar hukumar ARCEP kan sayarwa. Kun ga mun koma gidan jiya: akwati ɗaya, gari guda, kamar rediyon 1962. Kuma matsalar da ta kashe talabijin ɗin dandali tana nan tana jira, wato ranar da batir ya mutu aka rasa mai saye. Don haka 'yan cirani masu niyyar haɗa kuɗi su aiko wa garinsu kwano, ku zauna da mutanen gida tun kafin a ɗaure shi: wa zai riƙe lambar sirri, wa zai share ƙurar pano lokacin hunturu, kuma daga aljihun wa kuɗin wata zai fito a watan Yuni da Yuli, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kowa yana gona.