Tsakanin Murhu Da Alƙalami: Yadda Magabatanmu Mata Suka Yi Rubutu

Koken da aka fi ji daga mata a cikinmu shi ne rashin lokaci. Tun asuba ana kan shara da wanke-wanke da girki da hidimar yara, in dare ya yi an ɗauki biro sai barci ya ƙwace shi. Wadda ta daure ta rubuta kuma, a gida a ce mata ba ta da aikin yi. Wannan makon bari mu duba yadda waɗanda suka riga mu suka yi da wannan matsala.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, kuma uwar 'ya'ya. Duk da haka ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta san cewa matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta zo Sakkwato ɗaukar karatu, don haka ta kafa tsarin 'Yan Taru. Jajoji, wato dattawan mata da ta naɗa, su ke zuwa su haddace darasi a waƙe, su koma ƙauyuka su koya wa matan da ke cikin gida. Waƙa ba ta bukatar hannu, mace na iya bitar ta tana daka ko tana kaɗi. Malaman zamaninta sun girmama ta, amma sai a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda, shekara 133 bayan rasuwarta.

A fagen ƙagaggun labarai na boko an daɗe ba a ji muryar mace ba. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar duk maza ne suka fito a cikinta. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan ya zo na biyu a gasar kamfanin. Ita ma a lokacin tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta.

Labarin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fi kusa da abin da muke kuka da shi. Ƙanwar marigayi Janar Murtala ce, amma hakan bai hana a cire ta daga firamare a yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. A ajin yaƙi da jahilci a Kano ta ƙarasa koyon karatu da rubutu. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, sannan a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?

Ku lura da abin da ta rubuta a kai. Rabi, tauraruwar Alhaki Kuykuyo Ne, uwar 'ya'ya tara ce da mijinta ɗan kasuwa ya tauye wa kuɗin cefane, daga baya ya kore ta saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Wahalar gidan da ba a gode wa mace a kanta, ita ce ta zama littafin. Marubucin da bai taɓa lissafin cefane da kuɗin da ba su isa ba, da wuya ya rubuta Rabi haka.

Yabo bai zo da wuri ba. An yi wa littattafan wannan zamani laƙabin adabin kasuwar Kano don a rage musu daraja, a 2007 har an ƙona wasu a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Amma a 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi, shekara 22 bayan fitowarsa. A 2016 kuma BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla.

Babu ɗaya cikin matan nan da aka sauke wa tukunya kafin ta fara. 'Yar uwa a Kanya Babba ko Roni ko Gwiwa da ke samun rabin awa bayan isha'i, shafi ɗaya a dare ya ishe ki kammala littafi cikin shekara. Maza da ke cikinmu kuma, in matarka ko ƙanwarka na rubutu, karɓar mata yaro na awa ɗaya ya fi mata dogon kirari amfani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara wa iyayenmu da ke raye lafiya.

Daga 'yar uwarku a Kanya Babba, ƙaramar hukumar Ɓaɓura.